Daga Karar Akinyele Zuwa Jami'ar Badun: Lissafin Neman Gurbin Karatun Likitan Dabbobi

BADUN — Dillalin shanun da ya fito daga unguwar Sabo da sassafe zai tafi kara a Akinyele, hanya ɗaya ya saba bi. Zai bar Mokola ya wuce Sango, ya gifta ta bakin babbar ƙofar Jami'ar Badun, sannan ya ratsa Ojoo da Moniya kafin ya isa inda tireloli ke sauke dabbobin da suka kwana a kan hanya daga Arewa. A cikin wannan jami'a da yake wucewa safe da yamma akwai ɗaya daga cikin tsofaffin tsangayoyin koyar da aikin likitan dabbobi a ƙasar nan. Duk da haka, likitocin da ke duba shanunsa a kara da mayanka galibinsu ba 'ya'yan Sabo ba ne, ba kuma na Sasa ba.

Al'amarin yana da ban mamaki ga wanda ya san tarihin wurin. Tun a shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo, kuma cinikin shanu da na goro su ne suka zama ginshiƙin arzikinta. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960, ya ƙiyasta cewa kimanin shanu 75,000 ake sayarwa a Badun kowace shekara a wancan zamani, mafi yawansu bashi, inda maigidan da ya sauki falke shi ke tsaya masa har mahauci ya biya. A lokacin, babban abin tsoro shi ne ƙudan tsando, domin saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi ba tare da sammore ya kama ta ba, don haka tilas a sayar da ita da gaggawa.

Kasuwar ta yi ƙaura daga Bodija zuwa Akinyele, kuma a shekarar 2018 gwamnatin Jihar Oyo ta umarci mahautan birnin su koma babbar mayanka da ke ƙauyen Amosun, a cikin wannan ƙaramar hukuma dai. Mota ta maye gurbin kora a ƙafa. Sai dai haɗarin sana'ar yana nan inda yake. A yau babban sa yana iya haura naira miliyan ɗaya, kuma idan ya faɗi a kan hanya, ko kuwa jami'in duba nama ya ga alamun tarin fuka ya hana sayar da namansa, asarar ba ta tsayawa a kan mutum guda. Mahauci zai kasa biya, dillali zai rasa la'ada, maigida zai shiga neman abin da zai cika wa falken da ke jiran kuɗinsa a Kano ko Maiduguri. Sa hannun likita guda yana iya ɗaure ko warware cinikin mutum huɗu.

Idan dai ba a manta ba, annobar bushiya da ta ɓarke a shekarar 1983 ta hallaka shanu masu ɗimbin yawa a Nijeriya, kafin a bayyana kawar da cutar daga duniya baki ɗaya a 2011. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006, an kuma tabbatar da ciwon saifa a Suleja a 2023. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Bukatar likitan dabbobi dai ba abin musu ba ce. Abin da ke damun iyaye shi ne ko yaron da ya tashi a Sabo, ko Sasa, ko Moniya zai iya samun gurbi, kuma ta yaya za a san haka kafin a kashe kuɗin fom.

Amsar tana cikin lissafi, kuma mafi yawan alƙaluman lissafin a bayyane suke ga kowa.

Jami'ar Badun ta fara koyar da wannan fanni a shekarar 1963, ya kuma zama tsangaya mai cin gashin kanta a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe tata tsangayar a tsakiyar shekarun 1960 da taimakon wata jami'a ta Jihar Kansas a Amurka. Akwai irinta a Nsukka, da Sakkwato, da Maiduguri, da Abeokuta, da Makurdi, da Ilori, da Abuja, da Jos. Karatun shekara shida ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar hukumar JAMB, kuma ba wanda zai yi aiki a matsayin likita sai Majalisar Kula da Aikin Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista. Ita wannan majalisa, tare da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, tana sa ido kan yawan ɗaliban da kowace tsangaya za ta ɗauka gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta. Saboda haka guraben ƙidayayyu ne, ba sa ƙaruwa don masu nema sun ƙaru.

Shingen farko ana haɗuwa da shi ne shekara uku kafin a ga zauren jarrabawar JAMB. Ana bukatar kiredit a darussa biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wato Ingilishi, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji. Yaron da aka tura ajin kasuwanci ko na adabi a shekararsa ta farko a babbar sakandare, daga ranar nan ƙofa ta rufe masa, ko da kuwa ba wanda ya gaya masa. A gidajen 'yan kasuwa wannan yana faruwa cikin sauƙi, domin uba yana ganin ajin kasuwanci shi ya fi dacewa da ɗan da zai gaje shi. Haka kuma makarantar da ba ta da tsayayyen malamin Fiziks ko ɗakin gwaji ta riga ta yanke wa ɗalibanta hukunci. Bugu da ƙari, ƙa'idar Jami'ar Badun ita ce kiredit biyar a zama ɗaya, ko kuwa shida idan a zama biyu ne, kuma akwai fannonin da ba sa karɓar haɗe-haɗen sakamako ko kaɗan. Wanda ke nufin wannan karatu gara ya ɗauka cewa zama ɗaya gare shi.

Shinge na biyu shi ne jarrabawar JAMB kanta, wadda ake yi da kwamfuta tun daga 2015. Mai neman likitan dabbobi zai amsa Ingilishi, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji, jimlar maki 400. Jami'ar Badun ba ta sauraron wanda ya gaza maki 200, ba ta kuma sauraron wanda bai sa ta a zaɓin farko ba. Maki 200 rabi ne kawai, amma a shekarar 2024 kimanin kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka fitar da sakamakonsu ba su kai shi ba. Wato cikin kowane ɗalibi huɗu, ɗaya ne kacal ya cancanci ko da a gayyace shi.

A nan ne iyaye da yawa ke yin kuskure. Yaro ya dawo gida da maki 230, a yi ta barka, har a fara kiransa dakta a unguwa. Alhali abin da ya samu izini ne kawai na shiga jarrabawa ta biyu, wadda jami'ar ke shiryawa da kanta domin tantancewa. A tsarin da Jami'ar Badun ta yi amfani da shi a 'yan shekarun nan, ana raba makin JAMB gida takwas, a raba makin tantancewa gida biyu, sannan a haɗa, kowanne ya ɗauki rabin maki 100. Ma'anar wannan ita ce maki ɗaya a jarrabawar tantancewa daidai yake da maki huɗu a ta JAMB.

Alal misali, a ɗauki ɗalibai biyu. Na farko ya ci 280 a JAMB, wanda ya ba shi 35, amma ya saki jiki ya samu 52 a tantancewa, wato 26. Jimlarsa 61 ke nan. Na biyu ya ci 240, wato 30, sai ya duƙufa ya samu 68 a tantancewa, wato 34, jimla 64. Wanda aka yi wa walima ya koma bayan wanda ba a kula da shi ba, da tazarar maki uku, kuma a jerin sunayen da ake yankewa da ɗigon lissafi, maki uku na iya zama mutum da yawa. Makonnin da ke tsakanin jarrabawar biyu su ne mafi tsada a duk shekarar, kuma sau da yawa a cikinsu ne ake tura yaro kara ya taya aiki, musamman idan Babbar Sallah ta gabato.

Shi kansa makin shiga, wato mafi ƙarancin jimlar da za a ɗauki mutum da ita, ba a tsayar da shi tun farko. Kamar farashi yake a kasuwa. Guraben su ne haja, masu nema su ne masu taya, kuma inda gurbi na ƙarshe ya faɗa nan ne farashin shekarar. Jami'ar kan wallafa wannan maki na kowane fanni, saboda haka mai hankali zai nemi na shekara uku ko huɗu da suka wuce ya ga inda yake kai-komo, sannan ya ɗora wa kansa ƙarin maki biyar a kan mafi tsadarsu. Abin da aka saba gani shi ne makin likitan mutane yana haura 70 nesa ba kusa ba, na likitan dabbobi kuwa yana ƙasa da shi sosai. Wannan rangwame yana da wutsiya. Ɗalibai masu ƙoƙari da suka ga ba za su kai ga likitan mutane ba sukan sauya sheƙa zuwa fannonin da ke maƙwabtaka da shi, su zo da makinsu mai nauyi, su ɗaga farashin. Mutumin da bai taɓa riƙe igiyar saniya ba yana iya ture wanda aka haifa a cikin sana'ar.

Wannan kuwa ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake. A Ingila makarantun likitan dabbobi suna tambayar mai nema irin aikin da ya taɓa yi a gona ko asibitin dabbobi, suna kuma ganawa da shi. A Amurka sai mutum ya yi karatun jami'a tukuna kafin ya nemi shiga na shekara huɗu. A Nijeriya babu gurbin da ake rubuta cewa yaro yana iya gane saniya mai ciwon huhu daga numfashinta, ko ya faɗi shekarunta daga haƙoranta. Wannan sani zai yi masa rana a aji biyar da na shida, lokacin da ake shiga asibiti da garke. A bakin ƙofa kuwa ba a ba shi ko rabin maki.

Akwai kuma wani sashe na lissafin da ya shafi 'ya'yan Sabo fiye da kowa, shi ne batun asali. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce a raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da ake ɗauka an bar su a baya a ilmin zamani. Wannan rukuni na ƙarshe ya ƙunshi jihohi fiye da 20, ciki har da Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Jigawa, da Zamfara, da Borno. Abin da ake dubawa shi ne jihar asali da ɗalibi ya cika a fom, tare da takardar shaida daga ƙaramar hukuma.

To, yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, yake jin Yarbanci kamar Hausa, ɗan ina ne? A aikace, samun takardar asali daga ƙaramar hukuma a Jihar Oyo ba abu ne mai sauƙi gare shi ba, saboda haka sau da yawa sai an yi tattaki zuwa garin kakanni, a nemi mai unguwa ko dagaci ya shaida. Idan ya samu ta Kano ko ta Katsina, ya fita daga kason jihohin kewaye a Badun, ya faɗa kason kashi 20. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin garaɓasa, amma ya kamata a yi hattara. Jihohin Kwara da Kogi ma suna cikin wannan rukuni, 'ya'yansu kuwa suna da yawa a makarantun Badun, kuma da su za a yi takara. Sassaucin da ake samu a makin shiga yana iya zama kaɗan ƙwarai, bai kai wanda za a jingina da shi ba.

Ita wannan takarda ta Kano ko Katsina, idan aka kai ta Zariya, sai darajarta ta canza, domin a can mai ita yana cikin jihohin kewaye. A nan ne zaɓin farko ya zama shawara ta kuɗi. Tun da fannoni masu farin jini kan cika da waɗanda suka sa jami'a a zaɓin farko, sanya Zariya ko Sakkwato a zaɓi na biyu bai cika amfani ba. Dole a zaɓi ɗaya. Badun tana da sauƙin zama, domin yaro zai iya kwana a gidan ubansa ya hau mota ɗaya ko biyu zuwa aji, amma takararta da zafi. Zariya tana iya faɗaɗa masa ƙofa, sai dai za a biya kuɗin ɗaki, da abinci, da motar zuwa da dawowa har shekara shida, a lokacin da kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Hukumar JAMB tana ba da damar sauya jami'a bayan fitowar sakamako idan an biya kuɗi, kuma wanda ya ga makinsa ya tsaya a kan iyaka, nan ne ya kamata ya zauna da alƙalami.

Wani abin da ke kayar da ɗalibai ba tare da sun faɗi jarrabawa ba shi ne saɓanin suna. Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma tun 2017 duk wani gurbi sai ya bi ta tsarin kwamfuta na hukumar, inda ɗalibi zai amsa tayin da kansa. Yaron da yake Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a sakamakon WAEC, sannan aka juya sunan uba da na kaka a katin ɗan ƙasa, zai iya ɓata watanni yana gyara. A gyara tun yana aji biyu ya fi arha.

Bayan samun gurbi sai batun ko karatun zai biya kansa. Shekara shida ce a takarda, sai ɗaya ta bautar ƙasa. Amma yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye kimanin wata tara a 2020, ya kuma cinye takwas a 2022, saboda haka mai tsara kasafi ya kyautu ya bar sarari. Jami'o'in tarayya da dama, har da ta Badun, sun ƙara kuɗaɗen da ɗalibai ke biya a 2023 da 2024, ko da yake dokar ba ɗalibai rance da aka sabunta a 2024 ta buɗe wata kafa. Babban kuɗin da ba a rubuta shi a rasit shi ne abin da yaron zai samu da ya zauna a kara. Sa'ansa da ya bi dillali tun yana ɗan shekara 17 yana iya yin aure, har ya fara juya jarinsa, kafin shi ya karɓi albashin farko. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma duk wanda ya raina ta bai san kasuwa ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, kuskure ne a auna ribar da albashin gwamnati kawai, domin guraben aikin gwamnati kaɗan ne. Badun da kewayenta suna cikin manyan cibiyoyin kiwon kaji a ƙasar nan, kuma gonakin kaji, da kamfanonin abincin dabbobi, da masu sayar da magunguna da rigakafi duk suna ɗaukar likitoci. Ga gidan da ke juya shanu kuwa, lissafin ya fi haka sauƙi. Dabbobi kaɗan da za a ceto a shekara, da kuɗin da za a daina zubarwa a kan allurar da ake yi bisa ka, da jabun magani, sun isa su nuna bambanci. Likitan da ke jin Hausa da Yarbanci, watakila har da Fulatanci, wanda kuma falke da mahauci duk suka san gidan ubansa, yana da jarin da abokan karatunsa ba za su iya saye ba.

Ya kamata kuma iyaye su sani tun da wuri cewa karatun bai tsaya kan shanu da tumaki ba. Ɗalibi zai yi aiki da kare, da kyanwa, da doki, da alade, zai kuma feɗe mushe domin gano abin da ya kashe dabba. Wasu gidaje kan ja baya idan sun ji haka. Tsangayoyin Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri sun shafe shekaru da dama suna yaye likitoci Musulmi, maza da mata, ta wannan hanya, kuma gara a tattauna batun a gida kafin a sayi fom, maimakon yaro ya janye a aji uku bayan an kashe kuɗi.

Wanda makinsa bai kai ba, akwai wata hanya a cikin Badun ɗin dai. Kwalejin Tarayya ta Koyar da Kiwon Lafiyar Dabbobi da ke Moor Plantation tana ba da ƙaramar difloma da babba, akwai kuma takwararta a Vom ta Jihar Filato, kusa da cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can tun 1924. Mai wannan difloma malamin dabbobi ne, ba likita ba, amma yana iya fara aiki da wuri, kuma wasu jami'o'i suna karɓar masu kyakkyawan sakamako su fara daga aji biyu, su yi shekara biyar. Guraben wannan hanya sun fi na JAMB ƙaranci, sharuɗɗanta kuma sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka sai an karanta littafin bayanin JAMB na shekarar kafin a dogara da ita.

Hukumar kan buɗe rajista ne a farkon shekara, tsakanin Janairu da Fabrairu. Yaron da ke son ganin yadda aikin yake kafin lokacin ba sai ya yi nisa ba, domin asibitin dabbobi na gwamnatin Jihar Oyo yana nan Mokola, tafiyar ƙafa daga Sabo.